Wa ke riƙe da makullin layi? Daga kukan modem zuwa kwanon Starlink a ƙauyukan Hausawan Sudan

Duk wanda ya fara shiga intanet a ƙarshen shekarun 1990 ba zai manta da kukan modem ba. Ka jona igiyar tarho a jikin kwamfuta, ka danna, sai ƙara ta tashi kamar rediyon da ya rasa tasha, can sai tsit, layi ya kama. Gudunsa bai wuce kilobit 56 a daƙiƙa ba, kuma muddin kana kai, babu mai samun gidanku a waya. Sudan ma da haka ta fara. Kamfanin Sudatel da aka kafa a 1993 shi ke da wayoyin ƙasa, kuma ta kansu intanet ta fara shiga ofisoshi da gidajen masu hali a Khartoum.

A wancan zamani akwai wata matsala da ta riƙa ci wa masu Linux tuwo a ƙwarya. Manhajar da ke haɗa layin, pppd, tana taɓa sassan kwamfuta da sai mai babban izini ke taɓawa. Don haka idan maigida ya bar wa ɗansa laftof ya fita, yaro zai iya rubutu, zai iya wasa, amma buga layi? Ina! Sai ya jira mai kalmar sirri ya dawo. Masu Debian suka samo mafita mai sauƙi: mai kwamfutar ya sa sunan mutum cikin wani rukuni da ake kira dip, shi ke nan. Ya rubuta pon ya shiga, ya rubuta poff ya fita, ba tare da an damƙa masa makullin gidan gaba ɗaya ba.

Wannan tambaya, wa ke da ikon kunna layi, ita ce har yau ke bin 'yan'uwanmu Hausawa na Jazira da bakin kogin Blue Nile, sai dai ta yi girma fiye da laftof ɗaya.

Su dai ba baƙin jiya ba ne. Garin Mai Wurno da ke kudu da Sennar ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya ja jama'a gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Da aka kammala madatsar ruwan Sennar a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira, mahajjata da 'yan ci-rani da yawa suka tsaya aikin gona, wasu a ƙauyukansu, wasu a matsugunan ma'aikata da ake kira kanabi. Zamanin modem mai kuka kusan ya wuce ta kan irin waɗannan wurare ne, domin inda wayar tarho ba ta kai ba, me za ka jona?

Wayar salula ce ta buɗe musu ƙofa. Zain, MTN da Sudani suka kafa turaku, aka kuma samu ƙaramin modem mai kama da filas da ake sokawa a laftof. Abin dariya, shi ma a ɓoye lamba yake bugawa, *99#, kamar kakansa. Daga nan talaka ya zama mai kunna layinsa da kansa, ko shabaka, kamar yadda ake cewa a can.

Amma babban makullin yana Khartoum. Bayan tarwatsa zaman dirshan na 3 ga Yunin 2019, sojoji suka rufe intanet ta waya sama da wata guda. Wani lauya, Abdelazim Hassan, ya kai ƙarar kamfanin Zain, kotu ta ba shi gaskiya, aka buɗe layi. Nasa kaɗai! Sai da ya sake komawa kotu kafin sauran jama'a suka samu a watan Yuli. Bayan juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021 ma an sake rufewa na makonni.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya fi duk waɗannan muni. Dakarun RSF suka kama Wad Madani a Disamban shekarar. A Fabrairun 2024 layukan kamfanonin uku suka ɗauke, aka zargi RSF da rufe cibiyoyinsu na Khartoum, ita kuma ta musanta. Kada mai karatu ya ɗauka hira a WhatsApp ce kawai ta tsaya. Takardun kuɗi sun yi wuya, mutane sun dogara ne da Bankak, manhajar Bankin Khartoum, wajen sayen hatsi da magani da karɓar abin da ɗa ya turo daga Saudiyya. Babu layi, babu cefane.

A nan kwanon Starlink ya shigo, ta ɓarauniyar hanya, tunda ba shi da lasisi a ƙasar. A yankunan Jazira da RSF ta riƙe, sau da yawa mayaƙanta ne ke da na'urar ko suke karɓar kaso daga masu ita, ana biya da awa. Ka duba halin tsohuwar da za ta zauna a gaban mai bindiga ta duba ko kuɗi sun shigo mata. Duk da haka, da kamfanin ya yi gargaɗin yanke hulɗa da ƙasashen da ba shi da izini a ƙarshen Afrilun 2024, ƙungiyoyin agaji ne suka yi ta roƙon kada a yanke, don babu wata hanyar.

Sojoji sun karɓe Singa a Nuwamban 2024, Wad Madani kuma a Janairun 2025, layuka sun fara dawowa. Sai dai turke yana buƙatar wuta ko man gas, kuma an yi ɓarna mai yawa a kayan. Inda mutanen ƙauye za su haɗa kuɗi su sayi na'ura ɗaya da faifan sola, a ganina kafin a sauke ta daga mota ya kamata a yanke maganar kalmar sirri: mutum nawa za su riƙe ta, har da mata, da kuma wanda zai kunna idan mai riƙon ya tafi gona ko kasuwar Sennar.