Tashar nukiliyar da ta kusa shekara biyu tana jiran ma'aikata

A watan Maris na 2018 aka kammala gina sashe na farko na tashar nukiliya ta Barakah da ke Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, aikin da kamfanin KEPCO na Koriya ta Kudu ya jagoranta tun 2012. Gini ya tsaya, na'urori sun zauna, amma ba a kunna ba. Kamfanin Nawah da aka damƙa wa tafiyar da tashar ya ɗage lokacin, kuma babban dalilin shi ne masu sarrafa ta ba su gama samun horo ba. Sai a Fabrairun 2020 hukumar sa ido ta ba da lasisi, wuta ta hau layin ƙasa a watan Agusta.

Daular dai ba ta rasa kuɗi ba. Mutanen da za su zauna a ɗakin sarrafawa ta rasa. Digiri kaɗai ba ya kai injiniya wannan kujera. Sai ya shafe shekaru yana atisaye a ɗakin kwaikwayo mai kama da na gaske, inda ake jefa masa matsaloli da gangan, kamar ɗaukewar wuta ko tsayawar famfon sanyaya, a ga yadda zai yi. Bayan nan ya zauna jarrabawa.

Ba masu digiri kaɗai ake nema ba, abin da ake yawan mantawa ke nan. Akwai masu walda da ake duba ɗinkinsu da hoton haske, da masu gyaran lantarki, da masu auna tururin nukiliya. Ita ma hukumar sa ido tana buƙatar ƙwararrunta, don mai duba aiki ba zai gaza mai aikin sani ba. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, tana ƙiyasta shekara 10 zuwa 15 kafin sabuwar ƙasa ta kai ga tasharta ta farko.

Najeriya, wadda ita ma ke maganar gina tasha, ta kafa hukumar makamashin nukiliyarta tun 1976. Tana da ƙaramin injin bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ƙirar Sin, da ya fara aiki a 2004. Ana koyar da ɗalibai a kansa, amma ƙarfinsa kimanin kilowat 30 ne, kuma ba ya ba da lantarki. Kowane sashe ɗaya daga cikin huɗun Barakah megawat 1,400 yake fitarwa.