AN GAMA MAGANIN SANKARAR JINI, AMMA TSUGUNE BA TA ƘARE BA

A shekarar 1948 ne wani likita mai suna Sidney Farber, a birnin Boston na ƙasar Amurka, ya nuna cewa magani na iya danne cutar sankarar jini a jikin yara. A yau kuwa, a ƙasashen da suka ci gaba, wajen yara 9 daga cikin 10 masu fama da nau'in cutar da ya fi yawa suna warkewa, bayan sun shafe shekara 2 zuwa 3 ana yi musu magani.

To amma fa magungunan nan ba sa bambanta abokin gaba da masoyi. Yayin da suke kashe ƙwayoyin cutar a cikin ɓargo, suna haɗawa da fararen ƙwayoyin jini, wato dakarun da ke tsaron jiki. Saboda haka yaro kan gama magani garkuwar jikinsa na da rauni ƙwarai.

Dakarun nan ba sa dawowa lokaci guda. Waɗanda ke fara tarar ƙwayoyin cuta sukan farfaɗo cikin 'yan makonni. Amma waɗanda ke riƙe da sanin cututtukan da jiki ya taɓa karawa da su, sukan ɗauki wata 6 zuwa shekara guda. Dalili ke nan da ya sa yara da dama kan rasa kariyar da suka samu daga alluran rigakafin da aka yi musu tun suna jarirai, kamar na ƙyanda da mashaƙo da ciwon hanta.

Don haka ne likitoci kan sake yi wa irin waɗannan yara rigakafi bayan wata 3 zuwa 6 da gama magani. Yaron da aka yi wa dashen ɓargo kuwa, akan dakata har shekara 2 kafin a yi masa allurar ƙyanda, domin tana ɗauke da ƙwayar cutar da aka raunana.

Kafin lokacin ya cika, nauyi yana wuyan iyaye. Wajibi ne a nesanta yaron da duk mai ƙyanda ko ƙarambau, a kuma tabbatar 'yan uwansa na gida sun sami nasu alluran. In zafin jikinsa ya kai digiri 38, to kada a tsaya jiran wayewar gari, a garzaya da shi asibiti nan take.