Yadda Agogon Hannu Ke Auna Damuwa

Idan gaban mutum ya faɗi, fatarsa kan fitar da ɗan gumin da ido ba ya gani, gumin kuwa yana sa lantarki ya bi fata cikin sauƙi. Wannan canjin ne agogon Fitbit Sense, da ya fito a 2020, yake aunawa. Yana kuma lura da tazarar da ke tsakanin bugun zuciya da wanda ke biye, sannan ya tura bayanan zuwa waya ta Bluetooth, manhaja ta yi lissafi.

Rosalind Picard ta jami'ar MIT a Amurka ce ta buɗe fagen gane yanayin rai da na'ura da littafinta na 1997, Affective Computing. Kamfanin Empatica, wanda da ita aka kafa shi, ya ƙera Embrace, abin ɗaurawa a hannu da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 2018 don sanar da tashin farfaɗiya. Nan amfaninsa a fili yake.

Gane yanayin rai kuwa da sauran aiki. Fushi da murna da zafin rana duk suna kawo gumi, na'urar ba ta rarrabe su da kanta. Abin da ya fi damuna shi ne bayanan jikin mutum sukan zarce rumbun kamfani, mai su bai san wa ke dubawa ba.