Dalilin Auna Jinin Karnukan Da Ake Kaiwa Amurka

Ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 a duniya kowace shekara, galibinsu a Asiya da Afirka. Da zarar alamunsa sun bayyana ga mutum, da wuya ya tashi. Amurka ta kawar da irin wanda karnuka ke yaɗawa tun 2007, don haka take tsaron ƙofofinta.

Cikin 2020 aka kama karnuka fiye da 450 da takardun allura na jabu ko marasa cika. Saboda haka a watan Yuli na 2021 aka dakatar da shiga da karnuka daga ƙasashe fiye da 100, har da Nijeriya.

Tun daga 1 ga Agusta 2024, duk karen da za a shigar sai ya cika wata 6, an kuma dasa masa 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata. Wanda aka yi wa allura a irin waɗannan ƙasashe, sai an auna jininsa an tabbatar ta kama, in ba haka ba a tsare shi kwana 28. Dalili kuwa, kare yakan yi makonni da ciwon a jikinsa yana wasa da yara lafiya lau kafin ya haukace.