Daga Gadar Kennedy zuwa Babban Taron Ƙasa: yadda ra'ayin jama'a ya juya

A watan Disamba na 1989, Janar Ali Saibu ya tsaya zaɓen shugaban ƙasa shi kaɗai, a ƙarƙashin jam'iyya ɗaya tilo, MNSD. Aka ce ya samu fiye da kashi 99 cikin ɗari na ƙuri'u. Wanda ya dubi wannan lissafi sai ya zaci bakin ƴan Nijar duka ɗaya ne. Amma ba a cika wata biyu ba, sai abin da ke cikin zukata ya fito fili.

Ran 9 ga Fabrairu 1990, ɗaliban jami'ar Yamai suka yi jerin gwano don ƙin matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi karatunsu. A Gadar Kennedy aka buɗe musu wuta, uku suka rasu. Kafin ranar, mutane da dama na ganin rigimar ƴan makaranta ce kan kuɗin tallafi, ba ruwan mai sana'a. Da jini ya zuba, sai magana ta sake. Kowane uba ya ga ɗansa a cikin mamatan. Bayan mako guda, dubban jama'a suka fito titunan Yamai don nuna juyayi da fushi.

Daga nan ƙungiyar ɗalibai ta USN da ta ma'aikata, USTN, suka haɗa kai, kuka ya tashi daga batun kuɗi ya koma neman sauyin mulki. A farkon Nuwamba ma'aikata suka yi yajin aiki na gama-gari, ran 15 ga watan kuwa shugaban ƙasa ya amince da kafa jam'iyyu da yawa.

Amma masu neman sauyin su ma ba su tsira daga suka ba. Ran 13 ga Mayu 1991 mata suka yi nasu jerin gwano, domin mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya Babban Taron Ƙasa. Da taron ya zauna, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, muryar ƴan birni masu ilimin boko ta rinjayi ta manoma da makiyaya, alhali su ne mafi yawan al'umma.

Ke nan, ya mai karatu, shiru ba yarda ba ne, kuma ƙarar titi ba ita ce muryar ƙasa duka ba. Mai riƙe da mulki da mai neman sauya shi, wajibi ne kowannensu ya kasa kunne ga wanda ba a tambaya ba.