Matan da suka cika filin ƙwallo, aka hana su fili

Ranar wata Alhamis ina cikin gabatar da shirina na hantsi, wata baiwar Allah mai sayar da kayan miya a kasuwar Dole ta bugo waya. Ba gaisuwa ta kira yi ba. Ɗiyarta ce mai shekara 13 ta ishe ta da zancen balo, ko talla aka aza mata sai an tsinto ta bakin fili tana kallon yara maza. Ta ce: "Malam, don Allah wannan abu na mata ne, ko sabon salo ne aka kawo mana a talabijin?" Na ce Hajiya ki ba ni mako guda. To uwayena da yayyena ƴan kasuwa, ga abin da na samo mata.

Abin ba sabo ba ne, ya girmi kakanninmu. Tun 1895 wata mata da ake kira Nettie Honeyball ta haɗa ƙungiyar mata a birnin Landan, mutane suka biya kuɗi suka shiga kallo, wasu don dariya kawai. Amma inda wasan ya kafu sosai shi ne lokacin yaƙin duniya na farko. Maza sun tafi fagen daga, mata suka maye gurbinsu a masana'antun harsashi. A garin Preston na Ingila akwai kamfanin Dick, Kerr, inda ma'aikata mata suke buga ƙwallo a tsakar gida lokacin hutun cin abinci. Ranar Kirsimeti ta 1917 suka yi wasansu na farko gaban mutum kusan 10,000, kuɗin ƙofa kuma aka ba sojojin da suka ji rauni. Ku lura, waɗannan ba ɗiyan sarauta ba ne, mata ne masu neman na tuwo kamar ku.

Kafin a ce me, sunansu ya ƙetare teku. A 1920 wata Bafaranshiya, Alice Milliat, ta kai tawagar mata daga Faransa suka kara da su. Ranar 26 ga Disamba ta wannan shekara, a filin Goodison Park na Liverpool, mutum 53,000 suka shiga kallonsu, dubbai suka rage a waje babu wurin zama. An tara sama da fam 3,000 a yini guda. A lokacin nan Damagaram ce babban birnin Nijar a hannun Nasara, sai a 1926 aka mai da shi Yamai. Cikin ƴan wasan akwai wata yarinya, Lily Parr, wadda ta shiga ƙungiyar tana da shekara 15. Ta ci ƙwallaye sama da 900 kafin ta aje takalmi, tana kuma aikin jinya a asibiti.

Sai ga abin da duk mai rumfa za ta gane ba sai an yi mata fassara ba. Ranar 5 ga Disamba 1921 hukumar ƙwallon Ingila ta zauna ta ce wasan bai dace da mata ba, ta kuma yi ƙorafi kan yadda ake kashe kuɗin da ake tarawa. Ba ta kama kowa ba, ba ta ƙwace balo ba. Cewa kawai ta yi kada wata ƙungiya da ke ƙarƙashinta ta sake ba mata aron filinta. Kamar a ce miki ki ci gaba da sana'arki, amma kada a sake ganinki cikin kasuwa, ki je bayan gari ki baza kaya. Wa zai biyo ki can? A ganina ciniki ne ya yi musu yawa, shi ya tsone wa wasu ido. Matan Preston ba su daina ba, sun yi ta buga wasa a filayen da suka samu har 1965, amma sai a 1971 aka ɗage dokar, shekara 50 ke nan. Brazil ma, ƙasar Pele, ta hana mata wasan daga 1941 zuwa 1979.

Mu dawo gida. A maƙwabciyarmu Najeriya, cikin waɗanda suka ɗauki nauyin wasan tun ba a san zai yi riba ba akwai wata ƴar kasuwa ta Legas, Bola Jegede, wadda ta kafa ƙungiyar Jegede Babes da kuɗin aljihunta. Da aka buɗe gasar cin kofin duniya ta mata a ƙasar Sin a 1991, Najeriya ce kaɗai ta wakilci Afirka. A 1999 a Amurka su Florence Omagbemi da Mercy Akide suka kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, Brazil ta fitar da su da ƙyar, 4 da 3. A watan Yuli na 2025 suka ɗauki kofin Afirka karo na 10 a Maroko, gwamnatinsu ta yi wa kowace ƴar wasa alkawarin dala 100,000 ta Amurka da gida. Mai lissafi ta juya wannan zuwa jikkunan sefa ta gani.

Mu fa? Muna da Mena ta mata a ƙarƙashin hukumar FENIFOOT. A 2019 a Abijan, Najeriya ta zura mana 15 ba ko ɗaya. Na ji masu dariya a majalisar shayi, ni kam ban yi ba. Ƴan matan da suka sa rigar Nijar ran nan sun tsaya gaban waɗanda suka yi kusan shekara 30 suna da gasar ƙungiyoyi a ƙasarsu. A nan Damagaram, daga Birni har Zango, ku duba duk wani fegi da yamma ku faɗa mini wa ke ciki. Mu ba mu rubuta doka irin ta 1921 ba, amma fili dai na maza ne, ita kuwa yarinya tana kan tallar la'asar.

Maganar sutura ita ce ta fi damun Hajiya, kuma tana da gaskiya. Shekaru aka yi ana hana mai lulluɓi shiga wasan ƙasa da ƙasa, sai a 2014 masu dokokin ƙwallo suka amince da rufe kai. A gasar duniya ta 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta da dogon wando, duniya na kallo. Ko za ki bar ɗiyarki ko ba za ki bar ta ba, wannan shawara ce tsakaninki da mahaifinta, ba ta mai rediyo ba.

Da mako ya zagayo Hajiya ta sake kira. Na karanta mata wannan duka, ta yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can ta ce za ta yi magana da malamin wasanni na lakkwal ɗin yarinyar, in dai za a tashi kafin magariba. Sannan ta tambaye ni ko na san nawa ake sayar da takalmin balo a wurin ƴan gwanjo, lamba 37.