Bizar Ɗalibi a Ingila: Shiru Ya Fi Rashin Kuɗi Illa

Iyaye da yawa a Kano, Kaduna da Katsina suna ɗauka cewa da zarar ɗansu ya samu bizar karatu a Birtaniya, an gama da hukuma. Alhali bizar tana rataye ne a wuyan jami'ar da ta tsaya masa. Ranar da ta cire sunansa daga rajista, ko don ya daina halartar darasi ko don bai biya kuɗin makaranta ba, wajibi ne ta sanar da ma'aikatar harkokin cikin gida cikin kwanakin aiki 10, ita kuma galibi sai ta rage masa wa'adin zama zuwa kwana 60. Haka ta faru a 2024 a jami'ar Teesside da ke Middlesbrough, inda aka umarci wasu ɗalibai 'yan Najeriya su tattara su tafi. Dalili kuwa shi ne faɗuwar naira: dalar da ba ta kai naira 500 a farashin hukuma ba a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a Fabrairun 2024, sai tanadin shekara guda ya kasa biyan zango biyu.

Wani zai ce doka doka ce, kuma ɗalibin ya sa hannu da idonsa biyu. Gaskiya ne, ƙasa tana da ikon tabbatar da cewa wanda ya ce karatu ya zo, karatun yake yi. Amma wanda uba ya sayar da fili don karatunsa, ko wanda gwamnatin jiharsa ta yi jinkirin biya wa kuɗi, bai yaudari kowa ba. Wani kuma zai ce ya nemi aiki ya cike giɓin. Sai dai awa 20 kacal aka yarje masa a mako lokacin zangon karatu. In ya zarce, ya sake karya wani sharaɗin, in kuma ya kwana aikin kula da tsofaffi, da safe kujerarsa a aji babu kowa.

Abin da ya fi kayar da 'ya'yanmu shi ne kunya. Ɗalibi yakan ga saƙon gargaɗi daga ofishin kuɗi ya ƙi buɗewa, don kada labari ya koma gida a ce ya gaza. Kafin 'yan'uwa a masallacin Juma'a su ji, an riga an kai rahoto, karo-karo kuma ba ya dawo da bizar da aka soke. Jami'o'i da yawa kan saurari mai neman biya kashi-kashi idan ya zo da wuri. Don haka ya kamata ƙungiyoyin Hausawa a Landan da Mancesta su tanadi asusun gaggawa da wanda za a iya gaya wa matsala a asirce, gwamnatocin jihohi su ware kuɗin karatun gaba ɗaya kafin ɗalibi ya hau jirgi, iyaye kuma su riƙa tambayar ɗansu ko sunansa na nan a rajista, su nuna masa cewa faɗin gaskiya ba zai rage masa daraja a gida ba.